Belun Muhammadu Sani

Ku masu bin wannan shafi, sallama gare ku. Kun saba ina kawo muku labarin wasu, na zawarawa da na 'yan kasuwa, kuna dariya kuna cewa Baba ƙaro. Yau kaina zan tona. Roƙona ɗaya ne: wanda zai zage ni a ƙasan rubutun nan ya bari sai ya karanta har ƙarshe, don zagin ya yi daidai da laifin.

Sunana Iliyasu, amma a layin hatsi na kasuwar Ɗambatta in ba ka ce Iliya Dillali ba babu mai nuna maka ni. Shekara arba'in ina tsaye tsakanin mai saye da mai sayarwa. Na yi dako a Legas, na bi manyan motoci har Agadas. Boko aji uku na yi na gudu, amma in na soka hannu a buhu na san geron bana da na bara, in na kalli idon mutum na san inda zai sallama. Aikina shi ne mutum biyu su zo suna jayayya, su rabu kowa yana ganin shi ya ci. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kai min ɗa kushewa.

Matata ta fari, Allah ya jiƙanta, ta bar min 'ya'ya mata huɗu, duk na aurar da su. Shekara uku ina zaune ni kaɗai a ƙauyenmu, Tsamiyar Dabo, daga gidan yayata Kaltume ake kawo min tuwo. Wata ran kasuwa sai ga wata mata da shuɗin hijabi har ƙasa ta zo sayen gyaɗa. Na kwance mata bakin buhu, na ɗebo ta sama na baza a tafin hannu ina yabo. Ko kallon hannuna ba ta yi ba. Ta naɗe hijabin, ta zura nata hannun har gwiwa, ta zaro ta ƙasa, duk ƙanana motsattsu.

"Baba, waɗannan fa? Ko su ba 'yan buhun ba ne?"

Na ce, "Wane ne Baba?"

"Wanda furfura ta cika wa gemu, kuma bai daina wayo ba."

Duk layin ya ɗauki dariya. Ni kuwa, jama'a, a nan na tsaya. Sunanta Huseina, bazawara ce daga Bagwai, tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar mai. Sati uku a jere ina ajiye mata gyaɗa mai kyau daga sama har ƙasa, a na huɗu na sa farar shaddata da hula zanna, na hau mota na je gidan yayanta.

A soron gidan ta shimfiɗa min darduma, ta zauna nesa da ni da atamfa mai ruwan goro, ta ce kafin a yi nisa akwai maganar da za ta faɗa min. A auren fari ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Auwalu. Ran suna wanzami ya cire masa belu. Ku 'yan birni da ba ku sani ba, belu shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki, a bakin maƙogwaro. Mu a ƙauye tun kaka da kakanni ana yanke wa jariri shi, don ana cewa in aka bar shi zai girma ya hana yaro haɗiya. Auwalu ya yi ta zubar da jini, kwana biyu ya koma. Dangin miji suka ce ajali ne. Ita ta ce ajali ne, amma da aska a ciki. Kan wannan kalmar aka ba ta takardarta.

Ta ce, "Ban ce ka yi min gado da katifa ba, ban ce ka kai ni Makka ba. In Allah ya ba mu haihuwa, aski na yarda. Amma ƙarfe ba zai shiga bakin ɗana ba. In ba za ka iya ba, ga takalmanka can, ba mu ɓata ba."

Na dafa ƙirji na ce, "Wannan ne kawai? Na ɗauka."

Da sauƙi na faɗa, kamar yadda nake cewa "an sallama" sau hamsin a rana.

Shekara biyu da auren ta haihu, cikin marka, a shekarar nan da mai ya yi tashin da kowa ya sani, masu kurkura, keken nan mai ƙafa uku, suka jingine, mutane suka koma cin tafasa da rama su kwanta. Gero ya yi kai a gona har bakin katanga amma bai nuna ba, rumbuna kuwa sai ƙura. A cikin wannan hali Allah ya ba ni ɗa namiji, na fari a rayuwata, ina da shekara sittin da ɗaya. Na ce sunansa Muhammadu Sani, tunda Auwalu ya riga shi. Da na faɗa mata, ta rufe fuska da mayafi ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ran suna da sassafe, ina cikin saka riga wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Huseina tana ɗaki, taku goma tsakanina da ita, amma mata sun cika tsakar gida.

"Dillali, ina tuni. Aski kawai."

Na mayar mata: "Kwantar da hankalinki, Amarya."

Aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Rago bai samu ba, ɗan bunsuru muka yanka, kuma babu wanda ya yi gori. Huseina ta shiga wankan jego a bayan ɗaki, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. A daidai lokacin Yaya Kaltume ta naɗo jaririn a farin tawul ta kawo zaure don aski.

Wanzaminmu Tasi'u ne. Tare muka yi kiwon awaki da shi, tare aka yi mana kaciya. Ya buɗe zabirarsa ya aske kan tas, hannunsa ko rawa babu. Sai na ga ya zaro ɗan itacen da ake danne harshe da wata aska mai lanƙwasa.

Na ce, "Tasi'u, bar wannan. Aski ya isa."

Daga bakin ƙofa Yaya ta ce, "Me na ji, Iliya? Namiji ɗaya tilo Allah ya ba ka da furfura, za ka bar shi da belu? An cire min, an cire maka, an cire wa 'ya'yanka huɗu. Wa ya mutu?"

Tasi'u ya ajiye askar a kan gwiwarsa. "Ubana ya cire naka, kakana ya cire na ubanka. Damin geron da gidanku ke kai mana duk kaka, na mene ne? In hannuna ne ba ka yarda da shi ba, faɗa min a gaban mutane, na naɗe kayana."

Wani daga baya ya ce, "Ai ba shi ba ne, 'yar Bagwai ce ta hana."

Wani ya karɓe: "Ashe an sayi Dillali, kuma ba a ba mu la'ada ba!"

Aka kwashe da dariya. Jama'a, da a ce tsoro na ji, da sauƙi. Ba tsoro na ji ba, ciniki na gani. Ga mai saye, ga mai sayarwa, ga ni a tsakiya inda na saba. Zuciyata ta ce: Yaya jini take son gani, Tasi'u mutuncinsa yake so, Huseina kuma kada a cire take so. To, a raba biyu. Na sunkuya a kunnen Tasi'u na ce, "Tsinin kawai. Ɗan taɓa shi, yadda Yaya za ta yi shiru."

Ban gaya masa labarin Auwalu ba. Dillali ba ya gaya wa wannan ɓangare abin da wancan ya faɗa masa.

Yaron ya tsala ƙara ɗaya wadda har yau tana kunnena. Yaya ta goge masa baki da gefen zaninta, ta lasa masa zuma, ta jijjiga shi har ya yi lamo, sannan ta mai da shi ciki. Na raba wa mutane nama ina murmushi, ina jin na ƙulla cinikin da ya fi kowanne wuya.

Da la'asar Huseina ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin gado da sabuwar atamfar suna, kore da fari, ɗaurin ɗankwali ya zame, yaron a cinyarta yana kama nono yana saki yana kuka.

"Maigida, tun da aka dawo da shi bai sha kirki ba. Me aka yi masa a zaure?"

Na shafa kansa na ce, "Kin ga ai, an aske shi tas. Sabon aski ne, iska ke taɓa shi."

Ku lura, ban rantse ba, ban kuma ce ba a yi ba. Haka nake yi a kasuwa. Ta kalle ni, ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To, Alhamdu lillahi." Ta yarda da ni. Wannan yardar ta fi min zagi ciwo.

Washegari jikinsa ya yi zafi. A ƙauyenmu ciwon jariri ba na gida ɗaya ba ne. Kafin hantsi tsakar gida ta cika. Liman ya aiko da rubutu a ƙaramar kwalba. Wata ta zo da man shanu a shafa masa a maɗiga, wata da hayaƙi, wata ta ce baki ne, don an yi ta yaba kyansa ran suna. Maijidda, matar maƙwabcina Basiru, da tsohon cikinta, ta dama wa mai jego kunun kanwa da geron da na san shi ne na ƙarshe a gidansu. Kowa da alherinsa ya zo, kowa kuma yana lalube ne, don mu da muka san gaskiya, ni da Yaya da mazan zaure, mun yi gum. Yaya tana ta kai da kawo ba ta yarda mu haɗa ido.

Huseina ta ce a je ɗakin shan magani na garin gaba. Mai duba marasa lafiya a can Malam Kamilu ne, dattijo mai haƙuri, na sha yi masa dillancin wake. Ya taɓa yaron, ya zaro 'yar tocila daga aljihu ya ce, "Ba a taɓa masa baki ba ko?"

Huseina ta riga ni. "A'a. Babansa ya hana. Da sharaɗin haka muka yi aure."

Har da ɗan alfahari a muryarta. Malam Kamilu ya juyo gare ni. "Haka ne, Malam Iliya?"

Na gyaɗa kai.

Sai ya mai da tocilar aljihu. "Tunda kai ka faɗa. Da duk iyaye irinka ne, da mun huta." Ya ba mu maganin zazzaɓi na ruwa, ya ce in bai sauka ba mu wuce babban asibiti.

Jama'a, na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin abin da ya tsaya min a rai kamar tocilar nan tana komawa aljihu ba. A hanya ina ta gaya wa kaina: tsini ne kawai, zai warke, gobe zai kama nono, maganar ta mutu ba wanda ya ji.

Bai kama ba. Kwana biyu Huseina tana matsa nono a cokali tana ɗiga masa, rabi ya shiga rabi ya dawo. Kukansa ya koma kamar na ɗan mage. A rana ta uku da safe ta fito tsakar gida ba ko ɗankwali, ta miƙo min tsummansa.

"Dubi kashinsa, baƙi ƙirin. Dubi tafin hannunsa, fari fat. Maigida, haka Auwalu ya yi. Amma shi an yanke shi. Wannan me ya same shi?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ɗauko mayafinki."

Babu kurkura ko ɗaya a garin, babura duk an jingine ba mai. Basiru ya baro gonarsa ya ɗaura wa shanunsa amalanke, muka bi ta tsakanin gero cikin taɓo har bakin kwalta. Huseina ta rungume yaron cikin hijabi tana karanta duk abin da ta sani, lokaci-lokaci tana sa kunne a ƙirjinsa. Ni ina zaune a gefe, maganar tana hawowa har maƙogwarona tana komawa. Ina cewa: in mun isa kwalta zan faɗa. Muka isa kwalta, na ce in mun shiga mota. Muka shiga mota, na ce ai da mutane.

Ɗakin jarirai na babban asibiti ya cika maƙil, gado ɗaya yara biyu, wuta babu, fanka a tsaye. Likitar mace ce, siririya, da gilashi, ita kaɗai a kan yara sun fi talatin. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta danna tafin ƙafarsa, ta ce, "Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. An cire masa belu?"

"A'a," in ji Huseina. "Babansa ya hana."

Likita ta rubuta. Ta ɗauko wayarta za ta kunna fitila, sai wata nas ta ƙwala mata kira daga can ƙarshen ɗaki, wani yaro yana jijjiga. Ta mai da wayar aljihu, ta ce wa ta kusa da ita, "Tunda ba a yanke shi ba, sai mun nemo daga inda abin yake. Ki shirya allura, za mu ɗebi ruwan bayansa. Sakamakon sai an tada inji da yamma." Ta juya za ta tafi.

Fitila ta biyu ke nan ta koma aljihu a kan maganata. Na kuma tsira. Babu wanda zai leƙa bakin nan sai yamma, wataƙila sai gobe. Na kalli ɗana, ɗan yatsansa bai kai kaurin karan ashana biyu ba, za a soka masa allura a gadon baya don neman abin da ni na san inda yake. Na kalli Huseina, wadda na san in na yi magana wataƙila ba za ta sake kwana a gidana ba.

Na ce, "Likita."

Ba ta tsaya ba. Na ɗaga murya yadda nake yi a kasuwa, har duk ɗakin ya waiwayo.

"Likita! Duba bakinsa. An yanka. Ran suna, a zaurena, ni na ba da izini."

Ta dawo da sauri, ta haska, ta ja tsaki. "Ga shi nan, ya kumbura ya yi ruwa, jini yana tsattsafowa yana haɗiyewa. Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Baba, kwana huɗu kana kallo?"

Ni kuwa Huseina nake kallo. Na zaci za ta yi ihu, ko ta shaƙe ni, kuma da ta yi da na ji daɗi. Ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "Malam Iliyasu, matsa. Kana tare wa likita haske."

Tun da muka yi aure ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba.

Aka ce jini ake so yanzu-yanzu, kuma babu irin nasa a ajiye. Na naɗe hannun riga. Suka ɗaura min abin awo suka ce jinina ya hau, shekaruna sun wuce. Huseina mai jego ce, ba a ɗiban nata. Na fita bakin baranda na kira Basiru.

Abin da ya biyo baya, ko a kabari ba zan manta ba. Basiru ya tashi a masallaci bayan azahar ya faɗa. A wurinmu ana cewa wanda aka ɗebi jininsa da damina ba zai ƙara iya riƙe garma ba sai baɗi, kuma mutanen nan sau ɗaya suke cin abinci a yini. Duk da haka kafin la'asar sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar asibiti, maza goma sha ɗaya suka diro, taɓo har ƙwauri, wasu da rigar noma. Na ƙarshen saukowa Tasi'u ne, ba zabira.

Aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu ne kawai nasu ya dace, ɗayan an ce shi ma jinin bai ishe shi ba. Saura Tasi'u.

Nas ta shiga ta gaya wa Huseina ko wane ne. Ina laɓe a bakin taga na ji ta ce, "Jini jini ne. A sa masa."

Bayan an ɗiba, muka zauna ni da shi a gindin dogonyaro, yana danne da auduga a hannu.

Ya ce, "Yanzu Basiru ke gaya min matarka ta taɓa rasa ɗa a kan wannan. Ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani, ka sunkuyo kunnena ka ce tsini kawai? Kai Iliya, har ni za ka yi wa dillanci?"

"Da na faɗa maka, da ka fasa?"

Ya daɗe yana kallon audugar. "Yara sun fi dubu na cire wa. Ban sani ba. Amma da ka bar ni na zaɓa da kaina."

Kwana shida muka yi. An sa wa Sani siririyar roba ta hanci ana ɗura masa nonon uwarsa, ana yi masa allurai ta jijiyar hannu. Kullum sai kwanuka sun zo daga Tsamiyar Dabo, wani tuwon dawa da miyar kuka, wani ɗan dambun rama, an rufe da faifai an ɗaure da tsumma, kuma na san kowane kwano wani gida ne ya rage cikinsa. Yaya Kaltume ta zo ta kasa shiga. Ta zauna a bakin famfo, duk tsumman da Huseina ta fitar sai ta ɗauka ta wanke ta shanya ta linke.

Ni kuwa baranda ce gidana. Huseina ba ta yi min magana baki da baki ba ko sau ɗaya, sai saƙo a waya, guntu-guntu.

"An sa jinin."

"Kawo sabulu."

"Zazzaɓi ya dawo."

Duk sanda wayar ta yi ƙara sai na daɗe ina riƙe da ita kafin na duba. Na tura mata saƙon murya ya fi goma, ina ba da haƙuri, ina kawo dalili. Ana nuna min ta saurara. Amsa ɗaya ta ba ni: "Ba yanzu ba."

A rana ta biyar da hantsi saƙon murya ya shigo, mai ɗan tsawo. Na ce shi ke nan, ko rasuwa ce ko neman takarda. Na koma bayan dogonyaro na kara a kunne. Babu magana a ciki. Sai wani ɗan sauti, cap, cap, cap, da ɗan numfashi a tsakani. Na saurara sau biyu kafin na gane. Ɗana ne yake tsotson nono.

Jama'a, ni da ban yi kuka ran da aka binne ubana ba, na durƙusa a wurin har wani mai gadi ya zo yana min ta'aziyya.

Ran da aka sallame mu, yayanta ya zo daga Bagwai da mota. Huseina ta aiko na shiga. Ta haɗa kayanta a ƙullin zani, tana sanye da shuɗin hijabin nan na ran da na fara ganinta. Sani yana barci a kafaɗarta, gashi ya fara tsirowa a kan askin.

Ta ce, "Bagwai za ni."

"Amarya, ki dubi Allah..."

"Shi nake duba. Saurara. Ka yi magana a gaban likita lokacin da kana iya yin shiru, na gani, shi ya sa nake maka wannan maganar maimakon na aiko yayana. Maijidda ta haihu muna nan, ka sani. Ran Juma'a ne suna. Za a fito da jaririyar zauren Basiru, za a buɗe zabira. Ina so ka miƙe a wurin, a gaban duk waɗanda suka yi maka dariya, ka faɗi alkawarin da ka yi min, da abin da ka raɗa a kunne, da kwana huɗun da ka yi kana kallo. In sun ji sun yanka, ruwansu. Amma su ji."

Na ce, "Tasi'u fa? Jininsa ne a jikin yaron nan. Da askar nan yake ciyar da gidansa a wannan shekara. Bari na samu Basiru shi kaɗai, a gefe, na fahimtar da shi. Kin ga an tsare yarinyar, an kuma tsare mutuncin..."

"Ka fara ko?"

Ta gyara Sani a kafaɗarta, ta ci gaba.

"A gefe, a kunne, rabi nan rabi can. Haka ka yi da ɗana. Wannan ba ta rabuwa biyu, Malam Iliyasu. In ka yi, Basiru zai gaya min, ka zo ka ɗauke mu ran Asabar. In ba ka yi ba, kada ka wahalar da kanka da kuɗin mota."

Ta wuce ni. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, ta juyo da yaron yadda zan ga fuskarsa, sannan ta fita.

To, yau ce Juma'ar. Tun da na dawo daga masallacin asuba nake zaune a zaurena ina danna wannan rubutu da yatsa ɗaya, a kan tabarmar da aka kwantar da Sani. Na sa farar shaddar da na je zance da ita. Sau uku ina tsara yadda zan faɗa, duk sanda na tsara sai na tarar na rage wani abu, na sassauta wani, sai na sake daga farko. Ta katanga ina jin matan gidan Basiru suna guɗa, an fara shimfiɗa tabarmi.

Yanzun nan Tasi'u ya wuce ta ƙofata, zabira a kafaɗa, tabon allura bai gama ɓacewa a hannunsa ba. Ya leƙo ya ce, "Dillali, ba ka taho ba? Kai ake jira a raɗa suna."

Na ce, "Ga ni nan. Tasi'u, in mun je kada ka yi saurin buɗe jakar nan. Ina da magana."

Ya tsaya ya dube ni, ya dubi zabirarsa. "Ta kunne ce?"

Na ce, "A'a. Ta tsaye ce."

Ya gyara zabirar a kafaɗa, ya yi gaba. Wayata ta yi ƙara. Hoton Sani ne, idonsa biyu, ya dunƙule hannu. Huseina ba ta rubuta ko kalma ɗaya a ƙasa ba.

Ga takalmana a bakin ƙofa. Na tashi.